Da Wa Ake? Masu Raunin Garkuwar Jiki da Shawarar Hukuma a Lokacin Annoba

Ranar 17 ga watan Maris na 2020, kwana biyu kafin a tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Yamai, shugaban ƙasar Nijar na lokacin, Issoufou Mahamadou, ya sanar da rufe filayen jiragen sama na Yamai da Damagaram, da iyakokin ƙasa, da makarantu, tare da hana taron da ya wuce mutum 50. Kwana goma bayan haka aka kafa dokar ta-ɓaci ta kiwon lafiya, aka hana yawon dare a babban birni daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, sannan aka killace birnin, ba shiga ba fita. Duk wanda ya zauna kusa da rediyo a waɗannan makwanni ya haddace saƙon hukuma: a wanke hannu da sabulu, a bar yin musafaha, a rufe baki da hanci, wanda ya ji zazzaɓi da tari ya kira lamba 15. Daga ƙarshe kuma sai a ƙara da cewa tsofaffi da masu cutar da ta daɗe a jiki su ƙara yin hattara.

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ta fi sauran nauyi, kuma a ganina ita ce aka bari ba fashin baƙi. Mai lafiya da aka ce wa ya wanke hannu ya san abin da zai yi. Wanda jikinsa ba ya iya kokawa da cuta kuwa an ce masa ya yi hattara, amma ba a faɗa masa hattara da wa ba, ba a ce wa mutanen da yake ci da kwana tare da su komai ba, kuma da yawa cikin waɗanda maganar ta shafa ba su ma san da su ake ba.

Abin da likitoci ke kira garkuwar jiki, jama'a kuma suke ce wa sojojin jiki, tsari ne mai hawa-hawa. Fata da damshin hanci da maƙogwaro su ne ganuwar farko. A bayansu akwai fararen ƙwayoyin jini da ɓargo ke samarwa, waɗanda wasunsu ke afka wa duk baƙon da ya shigo nan take, wasu kuma su ɗauki kwanaki suna nazarinsa har su ƙera makamin da ya dace da shi, sannan su riƙe kamanninsa saboda gaba. A kan wannan riƙon ne allurar rigakafi ta dogara. Saifa kuma tana tace jini tana kama wasu ƙwayoyin cuta da ke wa sauran sojojin wuyar kamu. Tun da yake hawa-hawa ne, kowace lalura da gefen da take rushewa, shi ya sa shawara ɗaya ba za ta wadatar da kowa ba.

Mai ciwon daji da ake yi wa ƙarin ruwan maganin kashe ƙwayoyin cutar, rauninsa yana da kalanda: fararen ƙwayoyin jininsa sukan faɗi ƙasa warwas tsakanin kwana na 7 da na 14 bayan kowane zagaye, daga nan su fara farfaɗowa, kuma a cikin wannan tsakanin zazzaɓin da ya kai awo 38 dalili ne na zuwa asibiti a daren, ba a jira safiya. Mai ɗauke da ƙwayar sida, rauninsa ya danganta ga adadin ƙwayoyin da ake kira CD4, waɗanda a jikin mai lafiya sukan kasance tsakanin 500 da 1500 a awon da ake yi. Wanda ke shan maganinsa kullum har ƙwayar ta kwanta yana kusa da kowa, wanda nasa ya faɗi ƙasa da 200 kuwa yana cikin hatsari na gaske. Wanda aka yi wa dashen ƙoda a ƙasar waje yana shan maganin danne garkuwa da gangan har iyakar ransa, don kada jikinsa ya ƙi abin da aka dasa masa. Mai wankin ƙoda shi ne ya fi ba ni tausayi a wannan lissafi, domin duk dokar zaman gida da za a kafa, dole ya fito sau biyu ko uku a mako, ya shiga taksi da mutanen da bai sani ba, ya kwanta awa huɗu a ɗaki ɗaya da wasu marasa lafiya.

Waɗannan su ne sunayen da ke cikin jerin ƙasashen Turai, kuma muna da su, ga cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da sashen wankin ƙoda na asibitin Lamorde sun isa shaida. Sai dai idan aka tambayi wane ne mai raunin garkuwa a Nijar, amsar da ta fi yawa yaro ne ɗan ƙasa da shekara biyar mai tamowa. Binciken abinci mai gina jiki na ƙasa na 2020 ya nuna kashi 12.7 cikin ɗari na yaran wannan shekaru suna fama da ramewar tamowa, kuma jikin da bai samu abin ginawa ba ba ya iya ƙera sojoji, har ma yakan kasa yin zazzaɓin da zai sanar da uwa cewa cuta ta shiga. Bayansa akwai mai amosanin jini, wanda a nan muka fi sani da emasi. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da irin ciwon a jininsa, kuma yaron da ya gada daga uwa da uba saifarsa takan daina aiki tun kafin ya cika shekara biyar, abin da ya sa ciwon huhu da sanƙarau suke saurin kayar da shi, kuma shi ne dalilin da ya sa masu kula da irin waɗannan yara, kamar cibiyar emasi ta ƙasa da ke Yamai, suke nanata wa iyaye cewa zazzaɓi ba abin jinya a gida ba ne. Akwai kuma yaron da bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, domin bincike biyu da aka wallafa a 2019 sun tabbatar da cewa ƙyanda tana goge wani kaso na abin da jiki ya riga ya haddace game da cututtukan baya, ta bar yaro kamar wanda bai taɓa haɗuwa da su ba. Gaskiya ne korona ba ta cika kashe yara ba, amma annobar da ta fi zuwa mana ba korona ba ce, kuma shawarar da aka rubuta da tsoho ɗan shekara 70 a zuciya ba ta san da waɗannan yara ba.

Akwai wani rukuni da babu rajistar asibitin da ta san da zamansa. Ina nufin masu shan ƙwayar dexa da danginta ba tare da takardar likita ba, wasu don ciwon gaɓoɓi, wasu don asma, mata da yawa kuma don su yi ƙiba kafin biki, suna saye daga masu tallar magani a faranti a bakin kasuwa, a kan kuɗin da bai kai na koko da ƙosai ba. Wannan magani ɗan uwan wanda ake ba mai dashen ƙoda ne. A ƙa'idar likitoci, wanda ya sha miligiram 20 na prednisolone, ɗaya daga dangin dexa, kullum har mako biyu ko fiye ana lissafa shi cikin masu dannanniyar garkuwa, dexa kuwa ta fi shi ƙarfi ninki shida ko bakwai. Matar da kumatunta suka cika har ana yaba mata cewa ta yi kyau tana iya zama wadda ta fi kowa rauni a gidan. Lamarin ya ƙara rikicewa a watan Yuni na 2020, lokacin da babban gwajin da aka yi a Ingila ya nuna dexa tana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Labarin ya zagaya a WhatsApp ba tare da rabinsa na biyu ba, wato cewa waɗanda ba su kai ga buƙatar iskar oksijin ba ba su amfana da komai ba. Kuma wanda ya daɗe yana sha bai kamata ya yanke rana ɗaya ba, sai an rage masa sannu a hankali, domin jikinsa ya riga ya daina samar da nasa sinadarin.

Yana da kyau a duba yadda ƙasashen da muke kwaikwayon takardunsu suka yi. A Ingila, tun a watan Maris na 2020 hukumar lafiya ta tono sunaye daga rajistar asibitoci ta aika wa mutum kusan miliyan ɗaya da rabi wasiƙa, kowa da sunansa, cewa ya zauna a gida mako 12, ya ware ɗakinsa da kwanonsa, kuma wanda ba shi da mai yi masa cefane gwamnati ta kai masa kwalin abinci ƙofar gida. Jerin ya yi ta ƙaruwa har ya kusa miliyan huɗu a farkon 2021. A Faransa, wata doka ta ranar 5 ga Mayu 2020 ta lissafa lalurorin da mai su ke da haƙƙin zama a gida ana biyan shi wani kaso na albashinsa. Abin lura shi ne umarnin bai tafi shi kaɗai ba, ya tafi da suna, da abinci, da kuɗi. Ko a can ma ba a fita lafiya ƙalau ba, domin kaɗaici ya yi wa mutane da yawa illa. Mu kuwa mun ɗauko umarnin mun baro abin da ke riƙe da shi. Tela mai ciwon suga a unguwar Wadata ta Yamai, ko mai wankin ƙoda da ke sayar da goro, in ya zauna gida mako guda tukunya ba za ta hau wuta ba, kuma ɗakin da za a ce ya ware shi ne ɗakin da iyalinsa duka ke kwana.

Na ga wannan da idona. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta zo daga Tawa ana yi mata ƙarin ruwan maganin ciwon daji, sai killace birni ya rutsa da ita a wurinmu, a gidan haya na iyali huɗu, famfo ɗaya, makewayi ɗaya, yara fiye da goma suna shiga ɗakin kowa. Wankin hannu bai ba mu wahala ba, tun da buta ba ta nisa da Musulmi. Abin da ya gagare mu shi ne dubiya. Duk ɗan Tawa da ke Yamai ya ji labari, kuma da yake makarantu na rufe, kasuwa ta yi sanyi, kowa yana da lokaci. Sukan cika ɗaki su zauna a gefen katifarta, a miƙa mata jariri ta sa masa albarka, a sha ruwa a moɗa ɗaya. Da na ce mata lokotoro ya hana, sai ta ce: "Ɗana, mutum ya taso daga hayin gada cikin wannan rana don ya gaishe ni, da wane baki zan ce masa ya koma? Ka bar ni in mutu da mutuncina." Ba ni da amsa, domin gaskiyarta ne: maras lafiya shi ne mutum na ƙarshe da zai iya korar mai gaishe shi. Wanda ya warware mana matsalar dattijon da ke ɗakin bakin ƙofa ne, wanda kowa ke kira Baba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron tsakar gida, aka ajiye mata kujera a ƙarƙashin rumfa, taku huɗu ko biyar tsakani, shi kuma ya zauna a bakin zaure da carbinsa yana tarbar baƙi yana cewa: "Hajiya na nan, ku bismilla kan tabarma, jininta ne ya yi ƙasa, an hana ta haɗa numfashi da jama'a." Wanda ya ji yana tari yakan ce masa ya bar saƙon gaisuwa, zai isar. Babu wanda ya yi fushi, saboda maganar ta fito daga bakin babba, kuma ba ta hana zumunci ba, wuri kawai ta sauya masa. Jikokin da suka saba kwana a bayanta aka mayar da su wurin uwayensu, aka ware mata moɗa da kwano.

Daga baya ne na gane cewa dabarar Baba ta riga ilimin hukuma isa. A watannin farko an fi ba da ƙarfi ga hannu da abin da hannu ya taɓa, aka yi ta feshin magani a ofisoshi da kasuwanni, alhali cutar ta fi bin numfashi, tana taruwa a ɗakin da iska ba ta ratsawa kamar yadda hayaƙin gawayi ke taruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, sai ranar 5 ga Yuni 2020 ta shawarci masu shekara 60 zuwa sama da masu wata lalura su sa takunkumin asibiti a inda ba a iya ba da tazara, kuma sai a 2021 ta fito fili ta yarda cewa cutar tana yawo a iska fiye da taku biyu. Wannan gyara ya fi amfanar mu fiye da Turawa, domin mu rayuwarmu a waje take. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke wuce awo 40, kowa a tsakar gida yake kwana. Hatsarin yana ga watannin ɗari, lokacin da ake toshe taga da tsumma a kwanta mutum takwas a ɗaki ɗaya, kuma ba abin mamaki ba ne in an lura cewa zagaye na biyu na cutar a nan ya zo ne a Disamba 2020 da Janairu 2021, ko da yake sanyi ba shi kaɗai ne dalili ba. Shawarar da ta san gidajenmu za ta ce a ba mai rauni wurin kwana kusa da taga ko ƙofa, a karɓi baƙi a waje, kuma wanda ya fara mura a gidan shi ne zai sa takunkumi ya matsa gefe.

Gefe na biyu da saƙon hukuma ya yi wa gajeren bayani shi ne maganin yau da kullum. In aka ce wa mutum asibiti wurin ɗaukar cuta ne, aka kuma ce masa shi ne ya fi kowa saurin kamuwa, abin da zai fahimta shi ne kada ya je, kuma ga mai sida ko tarin fuka ko emasi, rashin zuwan ya fi annobar kanta hatsari. A watan Yuli na 2020, OMS ta sanar da cewa ƙasashe 73 sun yi gargaɗin maganin sida na iya yanke musu. A duniya baki ɗaya, masu tarin fuka da aka gano aka sanar sun faɗo daga miliyan 7.1 a 2019 zuwa miliyan 5.8 a 2020, ba don cutar ta ragu ba, kuma mutuwa daga gare ta ta ƙaru karo na farko cikin fiye da shekara goma. Mafitar da OMS ta bayar ita ce a ba masu shan maganin sida na wata uku zuwa shida a lokaci guda, don a rage zirga-zirga da cunkoson layi. A jihar Tawa, inda gidaje da yawa suke da ɗa ko miji da ya tafi biɗa Abijan ko Libiya ko Najeriya, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin iyakokin ƙasa sun zauna a rufe fiye da shekara guda, kuma ɗan cirani da ya saba dawowa gida ya karɓi maganinsa a asirce ba lalle ya san ƙofar da zai buga a baƙuwar ƙasa ba. Duk lokacin da za a rufe gari ko iyaka, kamata ya yi a fara tambayar su wane ne ke bin wannan hanya don neman magani, a kai musu kafin a sa shinge.

Zuwan allurar rigakafi ya kawo nasa ruɗanin. An fara yi a Nijar ranar 29 ga Maris 2021 da allurai 400,000 na Sinopharm da ƙasar Sin ta bayar, a watan Afrilu kuma 355,200 na AstraZeneca suka iso ta shirin COVAX na raba wa ƙasashen duniya allurar korona, daga baya aka samu na Johnson & Johnson, wanda jama'a suka fi so saboda sau ɗaya ake yi. Masu raunin garkuwa da yawa sun ji tsoro cewa jikinsu ba zai ɗauka ba, alhali babu ɗaya cikin waɗannan allurai da ke ɗauke da ƙwayar da za ta iya hayayyafa a jiki. Matsalar tasu akasin abin da suke tsoro ce: allurar na iya shiga jiki bai haddace komai ba. Wani bincike na jami'ar Johns Hopkins a Amurka, a kan mutum 658 da aka yi wa dashe, ya gano cewa kashi 46 cikin ɗari ba su samar da makamin kariya a jininsu ba ko bayan allura biyu. Shi ya sa Faransa ta fara ba irin waɗannan mutane allura ta uku tun a Afrilu 2021, Amurka ta bi a Agusta, OMS kuma ta ba duniya wannan shawara a Oktoba. Ga su, ta ukun cikon ta farko ce. Mai ɗauke da katin allura ɗaya a aljihu yana ganin ya gama, ya koma cikin taro da gaba gaɗi, yana iya zama bai tsira da komai ba, kuma kariyar da ta fi tabbata gare shi ita ce a yi wa matarsa da ƴaƴansa manya da duk mai kwana kusa da shi. Akwai dai alluran da ake yi da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, irin ta zazzaɓin shawara da ake neman katinta a kan iyaka, da ta ƙyanda, waɗanda mai raunin garkuwa mai tsanani bai kamata ya karɓa ba sai likitansa ya duba.

Duk wannan yana cin karo da wani bango, wato sirri. Wasiƙar Ingila ta yiwu ne saboda tana shiga akwatin mutum shi kaɗai ya buɗe. A unguwanninmu, ranar da aka ce masu kaza su fito layi daban, ko aka ga ma'aikacin lafiya ya tsaya a ƙofar wani gida, an gama tona asiri, kuma akwai matan da ko mazansu ba su san abin da suke sha ba. Mai ciwon daji ma yakan ɓoye, iyayen mai emasi kuma suna tunanin auren sauran ƴaƴansu. Hanyar da nake ganin ta dace ita ce wadda ta riga ta wanzu: kowane ɗaya cikin waɗannan mutane da ke karɓar magani yana da kati da lambar salula a wurin majo ko ma'aikaciyar da ta san shi, kuma daga wannan bakin ne ya kamata shawara ta musamman ta fito, da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek, tare da jimlar da zai iya faɗa wa dangi ba tare da ya ambaci sunan ciwonsa ba. Kalmar Baba, cewa jini ya yi ƙasa, ta isa, kuma ba ƙarya ba ce.

Batun masallaci ya nuna abin da ake rasawa in ba a bambanta mutane ba. Hana sallar jam'i ya jawo tarzoma a garin Mirya na jihar Damagaram da wasu unguwannin Yamai, har aka buɗe masallatai ranar 13 ga Mayu 2020. Daga hani ga kowa aka koma izini ga kowa, ba a tsaya a tsakiya ba, inda mai rauni yake. Alhali fiƙihun da ake karantarwa a zaurukanmu ya riga ya sauke wa maras lafiya wajibcin Juma'a, ya ba shi rangwamen azumi, kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya, ya ɗora nauyin ne a kan wanda ke ɗauke da cutar. Da limamai sun riƙa faɗa daga kan mumbari cewa mai tari ya yi sallarsa a gida saboda ɗan uwansa, mai rauni kuma ya tsaya a sahun waje inda iska ke kaɗawa, da an samu abin da ƴan sanda ba su samar ba.

Wani zai ce duk wannan dogon turanci ne a kan cutar da ba ta yi mana komai ba. Alƙaluman hukuma sun nuna waɗanda suka kamu ba su kai dubu goma ba, waɗanda suka rasu kuma ɗari uku da ƴan kai, a ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba. Ko da an yi la'akari da ƙarancin gwaji, wanda da farko cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai ce ke ɗauke da nauyinsa, gaskiya ne mun samu sauƙi, duk da cewa rasuwar ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ranar 3 ga Mayu 2020 ta nuna cutar tana kisa a nan ma. Amma ƙarancin adadi a cikin jama'a ba ya rage hatsarin mutum ɗaya, kuma nazarin da OMS ta fitar a Yuli 2021 ya nuna mai ɗauke da sida da aka kwantar saboda korona ya fi waninsa hatsarin tsanani ko mutuwa da kashi 30 cikin ɗari. Sannan sanƙarau na 2015, wanda ya fi tsanani a Yamai, ya kama mutum kusan 8,500 ya kashe 573 cikin wata shida, fiye da abin da aka lissafa wa korona a shekara uku, kwalarar 2021 kuma ta kama fiye da mutum dubu biyar, Tawa da Maraɗi suna cikin jihohin da ta fi taɓawa. Kowace da hanyarta: mai bin numfashi tana neman tazara da iska, mai bin ruwa tana neman a tafasa abin shan mai rauni ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa, a ware masa randa mai murfi.

Kula da su kuma ba jinƙai kaɗai ba ne. A Afirka ta Kudu an bi wata mata ƴar shekara 36 mai sida da ta yi nisa, wadda ƙwayar korona ta zauna a jikinta kwana 216 tana sauya kama, saboda jikin ba shi da ƙarfin gamawa da ita, har sai da aka sauya mata maganin sida zuwa wanda ke aiki sannan ta rabu da ita. Masana da dama suna zaton ta irin wannan doguwar zama ce wasu sabbin nau'o'in cutar suka samo asali.

Da aka buɗe hanya a tsakiyar Mayu, Gwaggo ta matsa sai ta koma Tawa ta yi salla a ɗakinta. Tafiyar ta fi kilomita 500, kuma manyan motocin safa tagoginsu a rufe suke, iskar na'ura ce ke zagayawa a kan mutum sittin ko fiye. Ma'aikaciyar da ke yi mata ƙarin ruwa ta karɓi katinta ta juya bayansa, ta ƙirga daga ranar zagayen ƙarshe, ta ja layi a kan kwana na 7 zuwa na 14, ta ce ko da wasa kada a ɗauke ta a cikinsu, kuma in zazzaɓi ya zo a hanya a tsaya a asibiti mafi kusa a nuna katin. Muka jira har kwana na 18, muka samu ƙaramar motar wani ɗan uwa da ke komawa, aka zaunar da ita a gaba, gilashi a sauke, da takunkumi biyu a jaka da buta da ruwanta daban.